Shin Annabi Irmiya Ya Ci Amanar Ƙasarsa?

Tambaya: Malam, ina koyar da ajin matasa a Makarantar Lahadi, an kuma ba ni darasi a kan Annabi Irmiya. Abin da na fi sani a littafinsa shi ne sura 29 aya 11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba. Amma da na shiga karatu sai na tarar mutumin nan yana ce wa mutanensa su miƙa wuya ga abokan gaba ana tsakiyar yaƙi. Wani ɗan ajinmu ya ce wannan ai cin amanar ƙasa ne. Wane ne Irmiya, kuma me zan gaya wa yaran nan?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da hidima, Allah ya ƙara ƙarfi. Yaron da ya ta da maganar cin amana kada ka tsawata masa, karatu yake yi da idonsa a buɗe. Zargin ma ba shi ya fara ba. Fadawan Sarki Zadakiya sun riga shi, har sun nemi ran Irmiya a kansa. Amsata ita ce bai ci amanar kowa ba, amma ajinka ba zai gamsu da faɗa kawai ba sai ka shimfiɗa musu zamanin yadda yake. In ka yi haka za ka tarar ayar da kake ƙauna da maganar miƙa wuya daga baki ɗaya suka fito, a shekaru ɗaya, kuma ɗaya ba ta tsayuwa sai da ɗayar.

Irmiya ɗan Hilkiya ne, daga gidan firistoci na Anatot, wani ƙauye a ƙasar Biliyaminu da bai wuce kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima ba. Allah ya kira shi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen 627 kafin haihuwar Almasihu. Ya kawo uzuri cewa shi yaro ne, bai iya magana ba, aka ce kada ya sake faɗin haka. Aikin da aka ɗora masa abu shida ne: ya tumɓuke, ya rushe, ya hallaka, ya kifar, ya gina, ya dasa. Huɗu na rushewa, biyu na gini. Haka ya yi ta fama fiye da shekara 40 a ƙarƙashin sarakuna biyar. An hana shi aure, an hana shi shiga gidan makoki da gidan biki, domin zamansa shi kaɗai ya zama alama cewa lokaci na zuwa da ba mai binne wani, ba mai kai amarya. Mutanen ƙauyensu ma sun ƙulla su kashe shi in bai bar annabci ba.

Duniyar da ya tashi a ciki juyawa take yi. Assuriya, wadda ta danne yankin fiye da shekara 100, ƙarfinta ya ƙare, a 612 babban birninta Nineba ya faɗi. Masar da Babila suka shiga rububin abin da ta bari, ƙaramar ƙasar Yahuza kuwa tana kan hanyar da rundunoninsu ke bi. A 609 Fir'auna Neko ya kashe Yosiya a Magiddo, ya naɗa Yehoyakim ɗan Yosiya. A 605 Nebukadnezzar na Babila ya murƙushe rundunar Masar a Karkemish, bakin kogin Yufiretis. Daga ranar nan mai hankali ya san wa ke da ƙarfi. Duk da haka fadar Urushalima ta ci gaba da hangen Masar tana sa ran taimako.

Abin da ya ba su wannan ƙarfin hali na addini ne. A 701, zamanin Sarki Hezekiya, Sennakerib na Assuriya ya cinye garuruwan Yahuza ya tasam ma Urushalima. Annabi Ishaya ya ce kada a ji tsoro, birnin ba zai faɗi ba, kuma bai faɗi ba. Bayan kusan shekara 100 jikoki suka mai da wannan ceto doka: muddin Haikali na tsaye ba abin da zai same mu. Haikalin ya zame musu laya, ana rataye da ita ana ta'asa. A farkon mulkin Yehoyakim, Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali (sura 7 da 26) ya ce su bar dogara ga maimaita "Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji". Ku yi sata, ku yi kisa, ku yi zina, ku rantse da ƙarya, ku zalunci baƙo da maraya da gwauruwa, sannan ku shigo nan ku ce mun tsira? Ya ce su je Shilo, inda alfarwa da akwatin alkawari suka zauna a da, su ga kufai. Firistoci da annabawa suka kama shi suka ce hukuncinsa kisa. Abin da ya cece shi dattawa ne da suka tuna cewa Mika mutumin Moreshet ya faɗi irin wannan a zamanin Hezekiya ba a kashe shi ba, sai kuma wani babban mutum, Ahikam ɗan Shafan, da ya tsaya masa. Wani annabi mai suna Uriya da ya faɗi magana iri ɗaya bai sami wannan gata ba. Ya gudu Masar, Yehoyakim ya aika aka kamo shi aka kashe shi da takobi. Saboda haka tun da wuri Irmiya ya san abin da wannan aiki ke jawowa.

Yehoyakim ne sarkin da suka fi yin arangama da shi. Ƙasa na nishi da haraji, shi kuwa yana gina wa kansa bene mai faffaɗan ɗakuna, yana manna katakon al'ul yana shafa jan fenti, ma'aikata na aiki ba lada. Irmiya ya tambaye shi ko yawan katako ne ke mai da mutum sarki. Ya ce mahaifinka ya ci ya sha, amma ya yi wa matalauci da mabukaci shari'ar gaskiya, ashe ba wannan ne sanin Allah ba? (22:13-17). A wurina wannan tambaya na cikin mafi nauyin abin da ke Tsohon Alkawari, domin ba ta bar wa mai danne haƙƙin lebura wata kafar da zai ce ya san Allah ba.

A shekarar Karkemish Irmiya ya kira magatakardansa Baruk ɗan Neriya ya yi masa shifta, Baruk na rubutawa da tawada a naɗaɗɗen littafi, duk abin da aka faɗa masa tun zamanin Yosiya. Tun da an hana shi shiga Haikali, Baruk ne ya je ya karanta wa jama'a ranar azumi. Labari ya kai fada. Watan tara ne, lokacin sanyi, sarki na zaune kaskon wuta na ci a gabansa. Wani mai suna Yehudi yana karantawa. Da ya karanta shafi uku ko huɗu sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, a ci gaba. Mutum uku daga cikin fadawa suka roƙe shi kada ya ƙone, bai saurare su ba, har littafin ya ƙone ƙurmus. Ba wanda ya tsorata, ba wanda ya keta tufafinsa, alhali mahaifinsa Yosiya da aka karanta masa littafin Shari'a a 622 keta tufafinsa ya yi. Irmiya da Baruk suka sake rubutawa daga farko, suka kuma ƙara da yawa a kai (sura 36).

Yehoyakim ya yi wa Babila tawaye, ya mutu, ɗansa Yekoniya ya gaji masifar. A watan Maris na 597 birnin ya miƙa wuya. Babiloniyawa ma sun rubuta wannan a allon yumɓu, wanda yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan: sarkinsu ya ci birnin Yahuza, ya kama sarkinta, ya naɗa wanda ransa ya so. Aka kwashi sarki da uwarsa da manya da maƙera da masassaƙa zuwa Babila. Wanda aka naɗa shi ne Zadakiya, baffan Yekoniya, aka kuma rantsar da shi da sunan Allah cewa zai yi biyayya (2 Tarihi 36:13; Ezekiyel 17). Ka riƙe wannan rantsuwa a ranka.

Yanzu mun iso inda nake so ka fi daɗewa da ajinka, sura 27 zuwa 29. A shekara ta 4 ta Zadakiya, jakadun Edom, Mowab, Ammon, Taya da Sidon suna Urushalima ana ƙulla tawaye. Irmiya ya ɗaura karkiya a wuyansa ya fito, yana cewa al'ummar da ta sa wuyanta ƙarƙashin karkiyar Babila za ta zauna a ƙasarta, wadda ta ƙi za ta sha takobi da yunwa da annoba. Sai wani annabi, Hananiya ɗan Azzur daga Gibeyon, ya tare shi a Haikali gaban firistoci da jama'a. Da sunan Ubangiji ya yi magana: na karya karkiyar sarkin Babila, cikin shekara biyu kayan Haikali da sarki da dukan kamammu za su dawo. Dubi amsar Irmiya. Ya ce amin, Ubangiji ya sa haka. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don ba shi da burin da ya wuce wannan. Sai ya ƙara da cewa wanda ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika kafin a san Allah ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyansa ya karya. Irmiya bai ce uffan ba, ya kama hanyarsa. Ba shi da sabuwar magana daga Allah a lokacin, bai kuwa ƙirƙiro wata don kare mutuncinsa ba. Sai daga baya saƙo ya zo wa Hananiya: ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, ka kuma sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A watan biyar aka yi wannan karo, a watan bakwai Hananiya ya mutu.

Ka sa kanka cikin taron nan. Mutum biyu, kowanne na cewa "in ji Ubangiji", kowanne ya yarda za a dawo. Hananiya ma tarihi na bayansa, domin kusan abin da Ishaya ya faɗa a 701 yake maimaitawa. Abin da ya raba su shi ne Hananiya ya yi alkawarin mafita nan kusa ba tare da ya nemi kowa ya canza kome ba. Irinsa ne Irmiya ya ce suna yi wa raunin jama'a magani sama-sama, suna cewa lafiya, lafiya, alhali ba lafiya (6:14), suna kuma satar magana daga bakin juna (23:30). Wa'azin da ya zama gaskiya a bakin Ishaya ya zama ƙarya a bakin Hananiya, domin ba a aike shi da shi ba. Matasanka na cin karo da annabce-annabce a waya kullum, musamman in shekara ta zo ƙarshe, wannan ma'aunin zai yi musu amfani.

A cikin wannan yanayi ne Irmiya ya rubuta wasiƙa zuwa ga kamammun da ke Babila, jakadun sarki biyu, Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya, suka kai. Su ma can suna da nasu annabawan da ke sa musu rai da komawa nan kusa. Wasiƙar ta ce ku gina gidaje ku zauna, ku dasa lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku ƙaru kada ku ragu. Ku nemi zaman lafiyar birnin da na kai ku, ku yi masa addu'a, gama cikin lafiyarsa ne taku take. Birnin nan fa Babila ne, na mutanen da suka kwashe su. Sannan aya ta 10: sai shekara 70 sun cika wa Babila zan komo da ku. Daga nan ne aya ta 11 ta biyo. Lissafa da kanka. Wanda ya ji wasiƙar yana ɗan shekara 30 ya san a Babila za a binne shi. Alkawarin na jama'a ne gaba ɗaya, kuma yawancin waɗanda aka fara karanta musu ba su ga cikarsa da idonsu ba. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa a 538, aka gama sabon Haikali wajen 515. 'Ya'ya da jikoki ne akasari suka shiga cikinsa.

Ban ce ka daina ƙaunar ayar ba. Abin da ke cikinta gaskiya ne: nufin Allah ga mutanensa alheri ne ko da suna tsakiyar hukunci. Amma in muka yanke ta daga aya ta 10, muka ce wa ɗalibi ma'anarta bana zai sami aiki, to mun ɗauki kalmomin Irmiya mun yi wa'azin Hananiya da su. Wannan yana damuna ƙwarai, domin in bana ta wuce ba aikin, yaron ba mai wa'azin zai zarga ba, Allah zai zarga.

Zadakiya ya karya rantsuwarsa ya jingina da Masar, wajen farkon 588 rundunar Babila ta kewaye Urushalima. Da tsoro ya kama manyan gari sai suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da rundunar Masar ta fito, Babiloniyawa suka janye na ɗan lokaci, sai manyan nan suka bi bayin suka sake kama su (sura 34). Irin wannan tuba ne Irmiya ya yi shekaru yana kuka a kai. A wannan tsakanin ya nufi ƙasar Biliyaminu kan maganar rabon danginsa, mai tsaron ƙofa ya kama shi ya ce wurin abokan gaba za ka gudu. Ya ce ƙarya ne. Aka yi masa duka aka jefa shi kurkuku. Zadakiya ya sa aka kawo shi a asirce ya tambaye shi ko akwai magana daga Ubangiji. Ya ce akwai, za a bashe ka a hannun sarkin Babila. Sarki ya mai da shi farfajiyar masu tsaro, ana ba shi dunƙulen gurasa ɗaya kullum har gurasa ta ƙare a birnin.

A nan sai mu yi wa ɗan ajinka adalci. Irmiya bai tsaya ga ba sarki shawara ba. A fili ya ce wa talakawa duk wanda ya fita ya miƙa kansa zai tsira da ransa, wanda ya zauna zai mutu (21:9, 38:2). Ba rundunar da za ta ƙyale mai irin wannan magana a bakin daga. Da fadawa huɗu suka ce mutumin nan yana karya gwiwar sojoji, ba ƙage suka yi masa ba. Biyu daga cikinsu, Yukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, an tono tambarin hatiminsu a tsohuwar Urushalima a 2005 da 2008. Mutane ne na gaske masu riƙe da muƙami, a ganinsu ƙasa suke karewa. Inda suka yi masa ƙarya shi ne da suka ce ba alherin jama'a yake nema ba. Sarki ya ce ga shi a hannunku, ba ni da ikon hana ku. Suka zura shi da igiya cikin rijiyar Malkiya, ba ruwa sai taɓo, ya nutse a ciki.

Wanda ya je ya fuskanci sarki ba firist ba ne, ba ma Bayahude ba ne. Ebed-melek ne, bawan fada, mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar wajen Sudan ta yau. Ya sami sarki zaune a Ƙofar Biliyaminu ya ce mutanen nan mugunta suka yi, annabin zai mutu da yunwa. Da ya sami izini, kafin ya je bakin rijiyar sai ya biya ɗakin ajiya na fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura wa Irmiya ya ce ya sa su a hammata ƙarƙashin igiyar. Dattijon da yunwa ta rama, in aka ja shi daga laka da igiya tsura, fatarsa ce za ta yage. Ebed-melek ya hango wannan. Allah ya aika masa da saƙo nasa na kansa cewa ranar da birnin zai faɗi shi zai tsira, domin ya dogara gare shi (39:15-18).

To me ya sa na ce Irmiya bai ci amana ba? Maci amana yana da abin da yake hari. Dubi abin da wannan ya yi da kuɗinsa. Yana tsare, sojojin Babila sun mamaye ƙasa, sai ga ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ka sayi gonata ta Anatot, kai ke da haƙƙin fansa. Ya saya. Ya auna masa shekel 17 na azurfa a ma'auni, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu, ya ba Baruk ya ce ya sa su a tulun yumɓu don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan (sura 32). Wanda ya sayar da ƙasarsa ba ya zuba dukiyarsa a cikinta ranar da kowa ke gudu. Kuma shi ne ya rubuta hukuncin Babila a sura 50 da 51, ya ba Seraiya ɗan'uwan Baruk ya karanta a can, ya ɗaura wa littafin dutse ya jefa a Yufiretis, alamar yadda Babila za ta nutse. In amanar da aka ci ake nema, rantsuwar Zadakiya ce.

A ranar 9 ga watan huɗu na shekara ta 11 ta Zadakiya, wato 587 ko 586 gwargwadon lissafin da aka bi, yunwa ta gama da birnin, aka huda garu. Sarki ya gudu da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule idanunsa. Wata guda bayan haka aka ƙone Haikali. An riga an gaya masa in ya fita ba za a ƙone birnin ba (38:17), amma ya ce tsoron wulaƙancin waɗanda suka riga suka miƙa wuya yake ji. Nebuzaradan shugaban masu tsaron sarkin Babila ya kwance wa Irmiya sarƙa a Rama ya ba shi zaɓi: ka zo Babila in lura da kai, ko ka zauna. Ga lada a gabansa in da ita yake nema. Ya zauna da talakawan da aka bari a kufai, ƙarƙashin Gedaliya ɗan Ahikam a Mizfa, ɗan mutumin nan da ya tsaya masa a Haikali. Aka kashe Gedaliya, sauran suka tsorata, suka roƙi Irmiya ya nemi nufin Allah, suka rantse za su bi. Bayan kwana 10 ya ce su zauna, kada su je Masar. Suka ce ƙarya kake, Baruk ne ke zuga ka, suka tafi da Irmiya zuwa Tafanes a Masar. A can aka ji muryarsa ta ƙarshe yana faɗa da bautar gumaka. Tsohon labarin da aka gada ya ce jifansa aka yi a Masar, amma wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki.

Kada ka nuna wa yaran cewa mutumin nan ba ya jin ciwo. Addu'o'insa na cikin littafin, ba a ɓoye su ba. Ya tambayi Allah me ya sa mugaye ke arziki, aka amsa masa cewa in tsere da masu ƙafa ya gajiyar da kai, yaya za ka yi da dawakai (12:5). Ya ce wa Allah ka zame mini rafin da ke ƙafewa (15:18). Bayan firist Fashur ɗan Immer ya doke shi ya sa ya kwana a turu, ya ce Ubangiji ka ruɗe ni, na zama abin dariya dukan yini; in na ce ba zan ƙara ambatonka ba, sai maganar ta zama wuta a ƙasusuwana, in kasa riƙe ta. A sura ɗaya ya yi yabo, ya kuma la'anci ranar haihuwarsa (sura 20). Allah ya ja masa kunne ya ce ya komo ya faɗi magana mai daraja, amma bai kore shi ba. Akwai matashi a ajinka da ke ɗauke da irin wannan kuka yana tsoron furta shi a coci. Ya kamata ya ji cewa annabi ya riga shi, kuma wurin Allah ya kai kukan.

Daga bakin wannan mutum ne kuma aka ji maganar sabon alkawari, Shari'a a rubuce a zuciya, zunubi kuma ba za a ƙara tunawa da shi ba (31:31-34). Ya ga gyaran Yosiya da idonsa, aka rushe bagadan gumaka, amma da sarki ya mutu kome ya koma gidan jiya. Ya san doka daga waje ba ta isa ba. Wannan kalma ce Yesu ya ɗauka a kan ƙoƙo daren da aka bashe shi, Ibraniyawa 8 kuma ta kawo ayoyin dungum.

Akwai tunani biyu da ba na so yaran su fita da su daga ajin. Ɗaya shi ne duk wanda masifa ta faɗa wa hukuncin Allah ne a kansa. Irmiya ya faɗi haka game da Yahuza domin an bayyana masa. Ni da kai ba a bayyana mana dalilin da ya sa aka tashi wani ƙauye ba. In kana da 'yan gudun hijira a ajinka, abin da sura 29 ke ba su shi ne cewa yin noma da sa yara makaranta da addu'a domin garin da ya karɓe su ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuma mantuwa da gida ba ne. Ɗayan shi ne miƙa wuya ga mai ƙarfi doka ce ta kowane zamani. Ishaya ya ce wa Hezekiya ya tsaya, Irmiya ya ce wa Zadakiya ya fita, a birni ɗaya, kowanne da saƙon da aka ba shi don zamaninsa.

Wajen shiri, kada ka bi littafin daga sura 1 zuwa 52 kana neman jerin tarihi, ba a tsara shi haka ba: sura 21 tana zamanin Zadakiya, sura 26 ta koma farkon Yehoyakim. Karanta 1, sai 7 da 26 tare, sai 36, sai 27 zuwa 29, sai 37 da 38 da 32, ka ƙarasa da 39 zuwa 44. In Lahadi ɗaya kawai aka ba ka, ka tsaya a 28 da 29. Ka sa wani ya karanta maganar Hananiya da ƙarfi, wata ta karanta wasiƙar tun daga aya ta 4 har ta 14, sannan ka tambaye su wanne za su so su ji in da su ne a Babila, wanne kuma ya amfani mutanen da ke can.